Babi na Shida: Ciwon Dogon Zango, Ma'aikatan Gajeren Zango

A ƙarshen watan Nuwamba na 2014, da mayaƙan Boko Haram suka shiga Damasak, dubban mutane suka nufi kogin Komadugu don su haye gaɓar Nijar. Wasu sun samu kwalekwale, wasu sun yi iyo, wasu kuma ruwan ya tafi da su. Inda da yawansu suka fara yada zango shi ne Gagamari, a cikin ƙaramar hukumar Shetimari, yamma da birnin Diffa. Kafin shekarar ta fita an buɗe sansanin Sayam Forage can arewa, nesa da iyaka, shi ma a ƙasar Shetimari. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen wannan ƙaramar hukuma sun haura 60,000, sai ga shi cikin ƴan makonni baƙi sun cika azuzuwa da gindin itatuwa da zaurukan dangi. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 yaƙin da kansa ya haye ruwa, aka kai hari Boso da Diffa, bayan ƴan kwanaki gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. A watan Mayu aka kwashe mazauna tsibiran tafkin Chadi, a Yunin 2016 aka sake faɗa wa Boso, bukkokin zana da leda suka jeru a bakin kwalta tun daga Shetimari har hanyar Gigimi. Shekaru da dama alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suna yawo a wajen mutum 250,000 da rikicin ya raba da gidajensu a jihar Diffa kaɗai.

An ƙirga buhunan hatsi, an ƙirga rijiyoyi, an ƙirga yaran da aka yi wa rigakafin ƙyanda. Wannan babi ya shafi abin da bai cika shiga lissafi ba, da kuma mutanen da aka ɗora wa kula da shi.

Da wuya mutum ya je gaban likita a bakin Komadugu ya ce yana da ciwon damuwa. Abin da za ka ji shi ne: «Majo, ba na barci.» Ko kuwa: «Gabana ke faɗuwa ba dalili.» Tsohuwa za ta ce kanta ya ɗau zafi, jikinta duk ya mutu, abinci ba ya mata daɗi. A gwada jini ba zazzaɓin sauro, a auna hawan jini lafiya lau, a ba ta ƙwayar ciwon kai ta tafi. Bayan mako biyu ta komo da kuka iri ɗaya. In an yi dace da ma'aikacin da ya san abin da zai tambaya, ya sassauta murya ya ce, «Inna, me kike gani in kin rufe ido?», a nan ne za a ji labarin ɗan da aka yanka a gabanta, ko jikar da aka tafi da ita. A Ngalewa, ranar 2 ga Yulin 2017, an kashe mutum 9 an sace 39, mata da yara. A Tumur, cikin Disambar 2020, an kashe kusan mutum talatin an ƙone gidaje da kasuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar uwa da mata da ƙanne, kuma su ne ke zuwa layin likita da ciwon kan da ƙwaya ba ta jin sa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin da aka tattaro daga wuraren yaƙi daban-daban: kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa, tun daga ƙuncin zuciya da firgici har zuwa taɓin hankali, kuma wajen kashi 5 cikin ɗari na dukan jama'ar ciwon nasu mai tsanani ne. In muka ɗora wannan ma'auni a kan mutum 250,000, lissafin ya ba da 50,000, masu tsanani kuwa sun haura 12,000. Ban sa mazauna gari da suka karɓi baƙi ba, ban kuma sa masu farfaɗiya ba, alhali a tsarin lafiyar ƙasashenmu hannu ɗaya ke riƙe da su duka.

To wa ke nan don ya tarbe su?

Tsarin lafiyar Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, waɗanda aka gina da yawansu a ƙarƙashin shiri na musamman na Shugaba Tanja Mamadu, ɗan Maine-Sorowa, daga 2001. Sama da su akwai cibiyoyin lafiya na CSI, inda majo, wato babban jami'in jinya, ke shugabanci. Sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jiha a Diffa, sai manyan asibitocin ƙasa. Tun zamanin baya, maganar taɓin hankali can sama aka rataye ta. Sashen da kowane ɗan Nijar ya san sunansa shi ne Pavillon E na babban asibitin Yamai, kuma daga Diffa zuwa Yamai tafiya ce ta sama da kilomita 1,300. Akwai sashe a asibitin Damagaram, shi ma sama da kilomita 450. Likitocin ƙwaƙwalwa ƙwararru a ƙasar ƴan ƙalilan ne, akasarinsu a Yamai. Wannan ba ciwon Nijar kaɗai ba ne: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a Afirka ba su kai biyu ba ga kowane mutum 100,000, alhali a Turai sun haura arba'in.

Mutumin Shetimari kuwa, a da, fuskarsa kudu take kallo. Maiduguri ta fi masa Damagaram kusa nesa ba kusa ba, da Naira yake ciniki, Barebarci yake ji a can kamar a gida, kuma akwai babban asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayyar Najeriya a garin. Yaƙin da ya ƙara yawan marasa lafiya shi ne kuma ya toshe hanyar Damasak. Sannan dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur, wanda shi ne motar ɗaukar marasa lafiyar talaka. A ce saurayi ne ya rikice a wani ƙauye na bakin kogi, yana fizge-fizge, yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba: sai an nemi amalanke, an nemi maza huɗu masu ƙarfi, an wuce shingayen sojoji kafin lokacin hana fita. Iyali da yawa sun auna wannan wahala, suka ga igiya ta fi sauƙi.

Abin da ya shigo ya cike giɓin shi ne ƙungiyoyin agaji. Médecins Sans Frontières ta tallafa wa cibiyoyin lafiya a jihar, har da na yankin Shetimari, ta kuma sa masu sauraron damuwa a cikin ayarinta. Ƙungiyar COOPI ta Italiya ta yi aiki da ma'aikatar lafiya kan wannan fanni. Hukumar kula da ƴan gudun hijira da asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun zuba kuɗi a wuraren wasan yara da zaman tattaunawa na mata. Dabarar da kusan kowa ya bi ita ce ta shirin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, ta fitar da littafin jagoransa a 2010, sannan a 2015 aka yi masa bugu na musamman don wuraren da bala'i ya auka wa. Hikimar shirin a fili take. Tun da ba za a sami likitan ƙwaƙwalwa a kowace gunduma ba, a koya wa majo da ungozoma su gane manyan cututtuka, su ba da magunguna kaɗan masu arha, su san lokacin da za su tura mara lafiya gaba. A bayansu kuma a sami ƙwararren jami'in jinya na lafiyar ƙwaƙwalwa, irin waɗanda Nijar ke horarwa, yana zagayawa yana duba aikinsu.

Sai a yaba. Mutanen da ba su taɓa jin an ce ciwonsu na da magani ba sun ji, wasu sun warke, wasu an kwance musu mari. Amma duk wanda ya zauna da ma'aikatan wannan fanni zai ji kalma ɗaya tana yawo a bakinsu: furoje, wato aikin agaji mai wa'adi. Furoje ya zo, furoje ya ɗauke ni, furoje ya ƙare. Kuɗin agajin gaggawa akasari na watanni shida ne ko shekara guda, a sabunta ko kada a sabunta. Kwangilar mai sauraron damuwa haka take, man motar da ke kai shi Gagamari haka yake, maganin da ke cikin kabad ma haka. Ciwon kuwa ba ruwansa da ranar rufe asusu.

Bari mu tsaya kan maganin, don a nan ne abin ya fi fitowa fili. Mai farfaɗiya da aka ɗora kan fenobarbital, ƙwaya mai arhar gaske, yana iya shekara bai faɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu wannan ciwo za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami kulawar da ta dace. Yarinyar da aka cire daga makaranta don ana tsoron miyanta, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta, sai ta koma aji. Masunci ya koma ruwa, matar gida ta koma bakin murhu ba fargaba. Amma in maganin ya yanke rana tsaka, faɗuwar na iya komowa da ƙarfin da ya fi na da, har ta jera ba hutu, ta yi kisa. Wanda ya fara ba da wannan ƙwaya ya ɗauki alkawari, ko ya faɗa da baki ko bai faɗa ba. Maganin ƙuncin zuciya irin amitiriftilin sai ya yi makonni kafin a ji aikinsa, kuma ana son a ci gaba da shi watanni tara zuwa shekara bayan an ji sauƙi. Haloferidol, da ake ba mai taɓin hankali, yana kwantar da muryoyi da zargi, amma yakan sandarar da wuya, ya sa hannu rawa, miyau ya riƙa zuba. Iyalin da ba a gargaɗe su ba suna ganin haka za su ce aljanin ya fusata, su zubar da ƙwayar. Gyaran ba wuya gare shi ba, a rage yawan maganin ko a ƙara wani da ke sassauta jijiya, sai dai dole a sami wanda zai leƙo gidan a mako na biyu ya gani da idonsa.

Shi ya sa nake ganin ƙidayar da ake yawan kawowa a rahotanni, wato mutum nawa aka gani, ba ta gaya mana komai. Tambayar da ta dace ita ce mutum nawa aka sake gani a wata na shida, kuma wa ya gan su. A wannan fanni ma'aikacin shi ne rabin maganin. Matar da ta yi wata uku kafin ta iya buɗe baki ta faɗi abin da aka yi mata a daji ba za ta sake kwance wannan ƙulli ga baƙuwar fuska duk bayan wata shida ba. Tamkar dashen tattasai ne: in kowane wata aka tumɓuke aka sake masa kwami, ko ruwan Komadugu duka aka ba shi ba zai yi ƴaƴa ba.

Kuma ba ƙarewar kuɗi kaɗai ke ɗauke ma'aikata ba. A Afrilun 2019 ƴan bindiga sun far wa ofishin Médecins Sans Frontières a Maine-Sorowa, bayan ƴan watanni ƙungiyar ta rufe aikinta a can. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe iyakoki har zuwa Fabrairun 2024, shigowar magunguna ta yi wuya. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙasashen waje, a Fabrairun shekarar kuma hukumomin Yamai suka umarci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta bar ƙasar. Kowane ɗaya da nasa dalili da nasa masu kare shi, ba kuma nan ne wurin shari'arsu ba. Abin da ya haɗa su shi ne babu ɗaya da aka yanke a Shetimari, amma a can ake jin raɗaɗinsa.

Hukumar da ba ta tashi

Akwai hukuma guda da ba ta da jirgin da za ta hau ta tafi, ita ce ma'aikatar magajin gari. Nijar ta yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a faɗin ƙasa a Yulin 2004. A Satumban 2010 aka kafa babbar dokar da ke tsara ayyukansu, a Janairun 2016 kuma gwamnati ta sa hannu kan miƙa musu iko a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A takarda, ke nan, kula da ɗakunan shan magani da cibiyoyin CSI ya shiga hurumin magajin gari da majalisarsa. Masu iya magana sun ce ba a ba mutum doki a hana shi linzami, to a nan an ba da linzamin, dokin ne bai iso ba. Ikon ya sauko, kuɗin da ma'aikatan suka yi ta jan ƙafa.

Da me ƙaramar hukuma irin Shetimari ke rayuwa? Da harajin kai, da kuɗin kasuwa, da na dabbobi, da abin da ke fitowa daga cinikin tattasai, jan zinariyar ƙasar Manga. Dokar ta-ɓaci ta taɓa kusan dukkansu. An taƙaita cinikin tattasai da kifi don kada kuɗin ya faɗa hannun mayaƙa, an sa ido kan takin zamani da man injin ban-ruwa, an rufe wasu kasuwanni na wani lokaci, har da ta Gagamari, manoma da yawa an tashe su daga gonakin bakin kogi. Daga baya an sassauta wasu matakan, sai kuma ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 suka zo suka share abin da aka fara tayarwa. Magajin garin da jama'arsa suka ƙaru, harajinsa ya ragu, in ya zauna tsara kasafi me zai fara da shi? Rijiya ce, aji ne, gyaran ofis ne, albashin ma'aikatansa da ke bin bashi ne. Mai taɓin hankali ba ya zuwa taron majalisa, danginsa kuma kunya ba ta barinsu su tashi su yi magana a kansa. Rijiya ana ɗaukar hotonta ranar buɗewa. Saurayin da bai rikice ba a bana saboda wani ya riƙa kai masa magani, ba wanda zai ga hotonsa.

A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Ko mutum ya ji daɗin wannan ko bai ji ba, nauyin bai sauya ba, sai dai ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Na sha jin ana cewa ƙaramar hukuma ba ta da ƙarfin wannan aiki, a bar wa gwamnatin tsakiya. Rabin maganar gaskiya ne. Ba wanda ke tsammanin Shetimari ta ɗauki likitan ƙwaƙwalwa, kuma horarwa da naɗa jami'an jinya aikin Yamai ne. Amma abubuwan da ke sa jinya ta tsinke ƙanana ne, kuma duk suna cikin abin da hukumar gari za ta iya: kuɗin man da zai kai jami'in duba aiki cibiyoyin karkara sau ɗaya a wata, ɗan asusun da zai hana magunguna huɗu ko biyar yankewa, ladan wanda zai bi gida-gida, da kuɗin motar mara lafiyar da dole sai an kai shi Diffa. Kulawar kyauta da aka kafa a 2005 da 2006 ta shafi tiyatar haihuwa da yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Babban mutum mai taɓin hankali biya yake, shi da ciwonsa ya hana shi nema. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai sun daɗe suna nuna yadda jinkirin biyan kuɗin kulawar kyautar ya bar cibiyoyi da kabad wayam, da kuma yadda aiki ya dogara kan ƴan kwangila da masu taimako ba albashi. A irin wannan cibiya, in aka ce majo ya zaɓi abin da zai saya da ɗan abin da ya shigo, maganin sauro zai saya, ba kuma za a ga laifinsa ba.

Ga wani abin da ya kamata a riƙa tunawa. Man fetur ɗin Nijar daga jihar Diffa yake fitowa, daga Agadem. Tun Nuwamban 2011 ake tace shi a matatar da ke kusa da Damagaram, daga 2024 kuma bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 na kai shi gaɓar teku a Benin. Doka ta tanadi kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen man ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙo shi, duk da an sha kukan ba ya zuwa a kan kari. Ke nan jihar da ta fi kowace daɗewa cikin wannan yaƙi tana da hujjar neman kuɗi mai ɗorewa wanda ba na baƙo ba.

Masu bi gida-gida

A kusan kowane gari akwai ƴan sa-kai na lafiya, waɗanda ma'aikata ke kira rele. Su ke kiran mata awo, su ke auna damtsen yara don gano tamowa, su ke rakiyar masu rigakafi. Sun san gidan da aka rufe wani a ɗaki, sun san wadda ta daina fita tun da aka kashe mijinta, sun san yaron da tiramol ya fara ci. Suna jin Barebarci da Fulatanci, abin da ma'aikacin da aka turo daga yamma sau da yawa ba ya ji, kuma ciwon zuciya ba ya son tafinta. Mace ba za ta faɗi sirrinta ta bakin ɗan maƙwabcinta ba. An riga an gwada a wasu ƙasashe cewa irin waɗannan mutane na iya aikin. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa ta hanya mai tsari, binciken da aka buga a 2016 kuma ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar yau da kullum. Tun kafin nan, a 1954, Thomas Adeoye Lambo ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a.

Sai dai a yi hattara da yadda ake ɗauko waɗannan misalai. Tsofaffin Harare ma'aikatan lafiya ne na hukumar birnin, akwai masu duba aikinsu, akwai inda za su tura wanda ya fi ƙarfinsu. Ƙauyukan Aro asibiti ne a bayansu. In aka cire wannan aka bar kalmar «al'umma» tsirara, abin da ya rage shi ne a tara ƴan sa-kai kwana biyar a ɗakin taro, a raba musu riga da jaka, a sallame su. Ingila ma, da duk arzikinta, da ta rufe manyan gidajen mahaukata ta ce a koma jinya cikin jama'a, kukan da ya biyo baya shi ne an rufe gadaje kafin a tanadi ma'aikatan da za su bi mutane gida. A wajenmu kuwa jama'ar da ake nufi, in an bi diddigi, mace ce guda: uwa ko mata ko ƴa, wadda ta bar sana'arta tana gadin ɗaki. Ranar da za ta je karɓar rabon abinci ko ɗiban itace, ba mai tsaya mata, sai ta ɗaure shi a turke. Kafin a zarge ta da rashin imani, a tambayi wa ya taɓa zuwa ya karɓe ta na yini ɗaya.

Malamai da masu maganin gargajiya kuwa suna cikin aikin tun kafin a zo da shi. Kusan duk wanda ya isa gaban majo ya riga ya sha rubutu, an yi masa ruƙiyya, wataƙila an turara masa hayaƙi. Ma'aikacin da ya buɗe baki da cewa «ba aljani ba ne» ya rasa iyalin tun a zaman farko. Wanda ya ce «Baba, a ci gaba da addu'a, a haɗa da wannan ƙwayar, mu gani nan da mako biyu» ya fi kusa da samun su. An gwada wannan haɗin kai a Ibadan da Kumasi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oye Gureje, ma'aikatan lafiya na ziyartar masu taɓin hankali a wuraren masu magani da masu addu'a, sakamakon da aka buga a 2020 kuma ya nuna marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Haɗin kan na da iyaka: duka da yunwa da mari ba magani ba ne a kowane littafi, kuma a nan bulama, wato mai gari, da liman da hukumar gari sun fi kowane baƙo bakin magana. Amma ko wannan ziyara ce, wato ƙafa da lokaci da mai, wato dai ma'aikaci.

Su kansu ma'aikatan ba daga sama suka faɗo ba. Majo na bakin kogi ya ɗinke raunin harsashi da fitilar waya, ya kwana yana sauraron ƙarar bindiga, iyalinsa na Damagaram ko Maraɗi suna kiransa ya nemi canji. Rele da ake so ya saurari baƙin cikin wasu, shi ma ɗan gudun hijira ne da ya binne nasa. In ba a zauna da su lokaci-lokaci an ji nasu ba, ko dai su bushe su daina ji, ko su tafi. Ɗan Diffa da aka tura makarantar koyon aikin lafiya a Damagaram da tallafin ƙaramar hukumarsa, bisa sharaɗin ya komo ya yi wasu shekaru a gida, ya fi wuyar ɗaukewa a kan wanda ke ƙirga kwanakinsa tun ranar da ya sauka tasha.

Tun Yunin 2021, lokacin da aka fara mayar da ƴan gudun hijirar Barwa garinsu, ake ta maganar komawa gida, kuma a Gudumariya an yaye rukunonin tubabbun mayaƙa da za su zauna cikin mutanen da suka san abin da aka yi. Duk wanda ya tashi daga sansani ya koma ƙauyensu yana tafiya da ciwonsa, amma takardarsa na nan a kabad ɗin ƙungiyar da ta fara duba shi. Abu na farko da kantoma ko magajin gari zai iya nema, tun kafin a zo maganar kasafi, shi ne kada wata ƙungiya ta rufe aikinta a ƙasarsa sai ta miƙa wa majo rajistar marasa lafiyarta cikin sirri, da maganin da kowannensu ke sha, da ajiyar watanni uku, da sunan rele ɗin da ya san ƙofar gidan.